Na hana maƙwabciyata ruwa: ko bangaskiyata ta mutu ne?

Inna, ina gaishe ki a cikin sunan Yesu. Ni Kirista ce, haifaffiyar Damagaram, sana'ata ɗinki, ina da miji da yara huɗu. Ranar da aka ƙona coci-coci a garin nan an fasa gidanmu an kwashe kaya, har da keken ɗinkin da nake ciyar da yarana da shi. Da idona na ga wani maƙwabcinmu ya ɗauke shi a ka, mutumin da nake ɗinka wa yaransa kayan salla. Har yau bai ce mini komai ba, ni ma ban ce masa ba. Yanzu yana kwance ba lafiya. A bazarar nan matarsa ta zo da bido tana roƙon ruwa, don muna da tanki a gida. Na ce mata babu, alhali akwai. Tun daga ranar ban ƙara barcin kirki ba. Maigidana ya ce bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce, kuma wanda bai yafe ba, ba za a yafe masa ba. Na daina cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke ɗauka tare a coci don tunawa da mutuwar Yesu. Na roƙi Allah ya cire mini ƙiyayyar nan, ba ta fita ba. Na gaskata da Yesu, amma a nan na kasa yi masa biyayya. Inna, ko dama can ni ba mai bi ba ce?

Ɗiyata, sannu. Sannu da wannan kaya da kika daɗe kina ɗauke da shi ke kaɗai.

Kafin in taɓa tambayarki, bari in faɗi abin da masu ba ki haƙuri sukan tsallake: an cuce ki. Juma'a ce, 16 ga Janairu 2015, kuma babu Kiristan Damagaram da zai manta da ita. Wata jarida a Faransa ta buga zanen ɓatanci da ya ƙona ran Musulmi. Ba ki da hannu a ciki, ba ki ma taɓa ganin jaridar ba. Bayan an sauko daga masallaci zanga-zanga ta rikiɗe, aka cinna wa majami'u wuta, aka ƙona cibiyar al'adun Faransa, aka bi gidaje da shagunan Kiristoci. Washegari wutar ta kai Yamai. Mutum goma suka rasa ransu a garuruwan biyu, hukuma ta ƙirga coci 45 da aka ƙona a Yamai kaɗai, aka yi makokin kwana uku a ƙasa. Ɗaruruwan ƴan'uwanmu a barikin soja suka fake. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya fito ya ce masu wannan ɓarna ba su fahimci Musulunci ba, ni kuma shaida ce a kan maganarsa, don a ɗakin wata Hajiya maƙwabciyata na ɓuya da jikokina biyu, ita kuwa ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ta zauna da casbinta har duhu ya yi.

Hukuma ta ƙirga coci, amma babu wanda ya ƙirga kekenki. Keken nan shi ne tuwon dare, shi ne kuɗin lakkwal, shi ne mutuncinki na macen da ba ta roƙo. Da baƙo ne ya ɗauka, da wataƙila kin yi kuka kin share hawaye. Amma fuskar da kika sani ce, fuskar da kike gani kullum idan kin fito zubar da shara. Duk wanda ya ce miki abu ne ƙarami, bai taɓa zama bango ɗaya da wanda ya cuce shi ba.

To, ga tambayarki. Kina tsoron cewa tun da kin kasa biyayya, bangaskiyarki ta ƙarya ce. Ki duba yadda Allah yake jera abubuwa a Littafi Mai Tsarki, don jerin ba ya juyawa. A Fitowa sura 14 Isra'ilawa suka haye teku, sai a sura 20 aka ba su dokoki goma a Dutsen Sinai. Allah bai tsaya a Masar ya ce su fara kiyaye doka sannan ya fitar da su ba. Ya fitar da su tukuna, kuma kalmar farko da ya faɗa kafin doka ta ɗaya ita ce shi ne Ubangiji Allahnsu wanda ya fisshe su daga gidan bauta. Haka yake a Afisawa sura 2. Aya ta 8 da ta 9 duk mun haddace su tun muna makarantar Lahadi: ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, baiwar Allah ce, ba aikinmu ba. Yawancinmu a nan muke rufe littafin. Aya ta 10 kuwa ta ci gaba da cewa an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyukan da Allah ya riga ya shirya mu yi.

Ke uwa ce, kin san wannan a gidanki. Ɗiyarki ba don tana ɗebo ruwa ta zama ɗiyarki ba, haihuwarta kika yi. Amma ɗiyar gida tana ɗebo ruwa. Ranar da kika aike ta ta ƙi, kin yi mata faɗa, wataƙila kin hana ta fita wasa, amma ba ki kai ta tasha kin ce ta je ta nemi wata uwa ba.

Ayar da maigidanki ya jawo miki daga Yakubu sura 2 take, kuma gaskiya ce. Sai dai ki duba da wa Yakubu yake magana. Ya kwatanta wanda ɗan'uwa ya zo masa ba tufa ba abinci, sai ya sallame shi da fatar baki, ya ce ya sauka lafiya Allah ya rufa asiri. Irin wannan mutum yakan koma ɗaki ya yi barcinsa har da minshari. Wannan ita ce matacciyar bangaskiya, wadda ba abin da yake damunta. Ke kuwa tun ranar da matar nan ta juya da bidonta barci ya ƙaurace miki. Ɗiyata, gawa ba ta juyi a kan tabarma. Wannan abin da yake sukar ki da dare Ruhun Allah ne yake ƙwanƙwasa ƙofar wadda ya sani tasa ce.

Amma ba zan shafa miki mai a baki ba, don ba abin da kika rubuto nema ke nan ba. Abin da kika yi zunubi ne, har guda biyu: rowa da ƙarya. Kin fi ni sanin abin da ake nufi da ruwa a bazarar Damagaram, lokacin da pampo yakan yi kwanaki bai ɗiga ba, mata su kwana a layi, ƴan garuwa su ƙara kuɗin bido. Gidan da ke da majinyaci kuwa ruwansa ninki biyu ne, ga na sha, ga na wanki, ga na goge jiki idan zazzaɓi ya tashi. Ki kira abin da sunansa a gaban Allah, kar ki rage masa komai. 1 Yohanna 1:9 ta yi alkawarin gafara ga wanda ya furta zunubinsa, kuma alkawarin bai ware irin naki ba.

Inda nake ganin kin maƙale shi ne nan. Kina jira zuciyarki ta huce tukuna sannan ki yi abin da Yesu ya ce. Kina addu'a a cire ƙiyayyar, kina duba cikinki kowace safiya ki ga ko ta fita, idan kin tarar tana nan sai ki ce lokaci bai yi ba. A haka shekara goma ta shige, kuma wata goman ma za ta iya shigewa.

Ki tuna da manoman Mirya da Magarya a ƙarshen bazara. Sama fayau, ba ko gajimare, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, rumbu ya kusa ƙarewa. Sai mutum ya ɗebi geron da yaransa za su iya sha a kunu, ya tafi gona ya binne shi a busasshen rairayi. Shukar binne ke nan. Bai ga ruwa ba, bai ji ƙamshin ƙasa ba, ya san tsuntsu da ɓera za su iya tonewa, ya san ana iya yin ɗan yayyafi iri ya tsiro ya ƙone. Duk da haka ya binne, don ya yarda damina za ta zo. Yanzu ki gaya mini, a ina bangaskiyarsa take, a ina biyayyarsa take? Za ki iya raba su? Idan wani manomi ya rantse miki ya yarda za a yi ruwa, amma irinsa yana cikin buhu har watan takwas, me za ki ce da yardarsa? Shi ya sa Bulus, a farkon wasiƙarsa ga Romawa (1:5) da kuma ƙarshenta (16:26), ya haɗa kalmomin biyu wuri ɗaya ya ce biyayyar bangaskiya. A wurinsa gaskatawa da ɗaga ƙafa tafiya ɗaya ce.

Kuma ki lura da halin da zukatan mutanen Littafi suke ciki lokacin da suka ɗaga ƙafar. Ibrahim yana da shekara 75 ya bar Haran, Ibraniyawa 11:8 ta ce bai san inda za shi ba. Bitrus ya kwana yana jefa taru bai kama ko tarwaɗa ɗaya ba, ya gaji, ya ma faɗa wa Yesu haka, sannan ya ce amma saboda maganarka zan sake jefawa. Na'aman, sarkin yaƙin Suriya mai fama da kuturta, da fushi ya juya lokacin da annabi Elisha ya aika masa ya je ya yi wanka a kogin Urdun, sai da barorinsa suka lallashe shi ya nitse sau bakwai. Kutare goma na Luka sura 17 an ce su je su nuna kansu ga firistoci alhali kuturtar tana jikinsu, suna cikin tafiya suka tsarkaka. Babu ko ɗaya cikinsu da ya jira ya ji daɗi a ransa kafin ya motsa. Warakar a hanya ta same su.

Sai ki buɗe Luka 6:27 da 28 ki karanta a hankali abin da aka umarce ki. Ku ƙaunaci maƙiyanku, ku yi wa masu ƙinku alheri, ku sa wa masu la'antarku albarka, ku yi wa masu wulakanta ku addu'a. Ƙauna ce a gaba, sauran ukun suna nuna yadda ake yin ta, kuma dukansu da hannu da baki ake yin su. Babu inda ya ce sai kin ji sanyi a rai idan kin ga mutumin. Yesu ya san zuciya ba ta jin tsawa, ba a ce mata huce ta huce. Hannu kuwa yana iya ɗaukar bido ko da zuciya tana tafasa. Romawa 12:20 ma, wadda Bulus ya ɗauko daga Karin Magana sura 25, sai ka ce a unguwarku aka rubuta ta: idan maƙiyinka yana jin yunwa ka ciyar da shi, idan yana jin ƙishi ka ba shi ruwa. Wasu sukan yi murna da ƙarshen ayar, inda aka yi maganar tara masa garwashin wuta a ka, su mai da alherin wata hanyar ramuwa. Kar ki je da wannan niyya. Aya ta gaba ta faɗi abin da ake nufi, a rinjayi mugunta da nagarta.

Mun tashi muna jin ana cewa rama cuta ga macuci ibada ne. Maganar tana da daɗi a baki, ni ma na san daɗinta. Amma Ubangijinmu ya karɓe wannan ibadar daga hannunmu, ya ce ramuwa tasa ce (Romawa 12:19). Yafewa ke nan: ki ɗauki ƙarar daga kotun zuciyarki, inda ke ce mai ƙara, ke ce alƙali, ke ce mai gadin kaso, ki miƙa ta ga Alƙalin da ya ga abin da ya faru ranar nan fiye da yadda kika gani. Ba a ce ki ƙaryata idonki ba. Yusufu ya ciyar da ƴan'uwansa da iyalansu a Masar, amma a Farawa 50:20 ya gaya musu a fili cewa mugunta suka nufe shi da ita. Ba a kuma ce ki ba mutumin makullin ɗakinki ba. Amana daban, ana sake gina ta ne idan mai laifi ya nuna ya sauya.

Ga kuma matar. Ita ba ta ɗauki keke ba. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, ɗiyata. Ki auna nauyin ƙafarta ranar da ta tako ƙofarki, wataƙila ta san inda kekenki ya kwana a daren nan, ta san kin sani, amma ƙishin mijinta ya fi ƙarfin kunyarta. Ina jin sai da ta bi gidaje da yawa kafin ta iso naki.

Ɗaya maganar maigidanki, cewa wanda bai yafe ba ba za a yafe masa ba, Yesu ne da kansa ya faɗe ta a Matiyu 6:14 da 15, kuma ba ni da ikon sassauta ta. Gargaɗi ne mai nauyi. Amma ki haɗa ta da misalin da ya ba da a Matiyu sura 18, na bawan da sarki ya yafe wa bashin talanti dubu goma, dukiyar da ba zai taɓa iya biya ba, ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari ɗari, ɗan bashin da bai kai komai ba a gaban nasa. Sarki ne ya fara yafewa. Laifin bawan shi ne ya karɓi jinƙai ya ƙi barin sa ya wuce ta hannunsa, kuma ko a jikinsa. Akwai tazara mai nisa tsakanin wanda ya ce ba zan yafe ba har abada, da wadda take kuka tana cewa na kasa, ka taimake ni. A Markus 9:24, mutumin da ya kawo wa Yesu ɗansa mai aljani ya ce ya gaskata, a taimaki rashin bangaskiyarsa, Yesu kuwa bai kore shi ya je ya ƙaro bangaskiya ba, ya warkar masa da ɗa.

Ki nuna wa maigidanki wannan sakin layi. Ɗana, ayarka daidai take, amma matarka ba sanda take buƙata ba. Kai ma a gidan nan kake ranar da aka fasa shi, ka san abin da ta gani. Idan kana so ta yi biyayya, ka sauƙaƙa mata hanya: ka zauna ka ji ta har ta gama ba tare da ka jawo aya ba, ku durƙusa tare, kuma idan ranar ta zo ka ɗauki bido na biyu ka bi bayanta.

Batun Jibin Ubangiji, ki je ki sami fastonku ki gaya masa abin da kika gaya mini. Na fahimci tsoronki, don 1 Korantiyawa 11:28 ta ce mutum ya gwada kansa kafin ya ci. To kin gwada, kin ga ciwon, kin ƙi jinsa. Gwajin an yi shi ne don mutum ya tuba ya matso, ba wanda ya taɓa zuwa teburin nan da hannu mai tsabta na kansa. Majinyacin da ya ce sai ya warke zai sha magani, yaushe zai tashi? Matiyu 5:23 da 24 ta ce idan ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikonka ka je ku shirya, sannan ka dawo. Ajiyewar ta ɗan lokaci ce, ta tafiya da dawowa. Ke kin ajiye kin zauna.

Don haka ga abin da nake so ki yi, kuma a cikin makon nan. Ki cika bido, ki ɗauka da kanki, ki yi sallama a gidansu. Ki gaishe ta da mai jiki. Sannan ki faɗi abu mafi wuya: ranar nan na ce miki babu ruwa, akwai, ki yafe mini. Na san yadda wannan zai yi miki ɗaci, a ce ke da aka cuta ke ce za ki fara neman gafara a gidan. Amma laifinki naki ne, nasa nasa ne, kuma naki kaɗai kike da ikon gyarawa. Kar ki yi wa'azi, kar ki ta da maganar keke ranar. Ki ajiye ruwan ki dawo. Da dare ki ambaci sunan mutumin a addu'a, ki roƙa masa sauƙi, ko da kalma uku ce, ko da bakinki yana nauyi.

Kar ki yi mamaki idan kin dawo gida kika tarar zuciyarki tana nan yadda take. Akwai wani saurayi a unguwarmu da na gani da galan na fetur a hannu ranar nan. Na yi watanni ina gaishe shi da baki kawai, cikina yana ƙuna. Ban san ranar da ƙunar ta fara raguwa ba, sai dai wata safiya na ji ina tambayarsa jikin mahaifiyarsa kuma da gaske nake son sanin amsar. Har yanzu idan na ji warin taya tana ci da wuta gabana yakan faɗi, in sake miƙa shi ga Allah. Na daɗe ina tunanin cewa bakwai sau saba'in ɗin da Yesu ya gaya wa Bitrus a yafe wa ɗan'uwa ba lallai laifi ɗari huɗu da casa'in ba ne, wani lokaci laifi ɗaya ne da yake dawowa ana sake yafe shi. Idan kuma mafarkin ranar yana tashe ki, ko kina firgita da hayaniyar Juma'a, ki gaya wa wata dattijuwa a zumuntar mata ko ma'aikacin lafiya da kika yarda da shi. Rauni ne, kuma neman magani ba ya rage bangaskiya.

Maganar keke kuwa ba ta mutu ba. Idan Allah ya ba mutumin sauƙi, kuma kika ji kina so, kina da dama ki je tare da maigidanki da wani dattijon unguwa da kuke girmamawa ku biyu, ki ce masa a hankali: na gan ka ranar nan, abin ya yi mini ciwo, na bar wa Allah. Wataƙila shi ma shekara goma yake sunkuyar da kai idan ya hango ki, wataƙila kuma ya musa. Kar ki sa ruwan ya jira amsarsa. Tun 1924 da masu bishara na farko suka zauna a garin nan, mu Kiristocin Damagaram ba mu taɓa yawa ba, bangonmu ɗaya da maƙwabtanmu Musulmi, rijiyarmu ɗaya, kasuwar Dole ɗaya muke ci. Yaranki da nasa za su ci gaba da zama a unguwar nan bayan ku duka kun tafi, kuma suna kallon abin da kike yi a bakin tankin nan.

Ki wanke bidon sosai kafin ki cika, ki cika shi har baki, kuma kar ki aiki yaro. Idan kin kai, ki sake rubuto mini ki gaya mini yadda ta karɓe ki da yadda jikin mijinta yake. Ni da matan zumuntarmu za mu riƙa tunawa da ke a addu'a, ba tare da na faɗi ko ke wace ce ba.

Innarki.